Mu Naɗi Tsofaffin Mawaƙanmu Tun Suna Da Rai

A shekarar 1983 kamfanin faifai na Warner Bros. a Amurka ya sallami mawaƙiya Bonnie Raitt. Lissafi aka buga aka ga faya-fayanta ba sa kawo kuɗin da ake so, shi ke nan. Tun 1971 take yi musu waƙa, kuma a daidai lokacin ta gama haɗa wani sabon kundi yana jiran fitowa, aka kulle shi a ma'ajiya aka ce ta kama gabanta. Shekarun da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Ita da bakinta ta sha faɗin yadda giya da ƙwaya suka nemi su gama da ita, har ta samu ta rabu da su a 1987. Da ta dawo hayyacinta ta fara neman inda za ta sake naɗar waƙa, kamfanoni da dama suka juya mata baya. A ganinsu macen da ta doshi arba'in, mai kiɗan rok da buluz, wato tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, wadda kasuwarta ba ta taɓa kamo ta manyan taurari ba, ai ta gama yayinta.

Kamfanin Capitol ne ya karɓe ta daga ƙarshe. Wani furodusa mai suna Don Was ya zauna da ita suka naɗi kundin Nick of Time, na goma a jerin nata, ya fito a 1989. A watan Fabrairun 1990 ta tashi daga bikin Grammy, babban bikin karrama mawaƙa a Amurka, da kyauta huɗu a dare ɗaya: uku na kundin, har da ta kundin shekara, ɗaya kuma ta waƙar da suka yi da dattijo John Lee Hooker. Kundin ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin ciniki na Amurka, aka sayar da kwafi miliyan 5, kuma a 2022 ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar ya sa shi cikin muryoyin da ake adanawa saboda 'yan baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da kundin nan shi ne matar ba ta yi ƙaryar ƙuruciya ba. Waƙar da ta ba kundin suna, ita ta rubuta ta, kuma a kan tsufa take magana: ƙawarta da ke son haihuwa tana ganin lokaci na ƙure mata, iyayenta da take kallo jikinsu yana sauyawa, su ma suna kallon nata. Ba a saba jin irin wannan zance a kasuwar waƙar da ta ginu a kan samari da 'yan mata ba. Muryarta ta ɗan dushe, aka bar ta a dushenta. Jitarta, wadda take kaɗawa da ɗan gilashi a yatsar tsakiya tana jan sa a kan tsirkiya har sautin ya yi kamar kukan mutum, aka fito da ita gaba. Masu shekaru irin nata suka ji an yi magana da su, suka sa hannu a aljihu. Ba ta kuma sake komawa baya ba. A Fabrairun 2023, tana da shekara 73, ta ci kyautar Grammy ta waƙar shekara da Just Like That, labarin wata uwa da baƙo ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ashe shi ne aka dasa wa zuciyar ɗanta da ya rasu. A wannan rukunin akwai su Beyoncé da Adele da Taylor Swift. Kundin da waƙar ke ciki kuwa a ƙarƙashin kamfaninta na kanta ya fito.

To me ya haɗa mutumin Daura da wannan labari? Abu biyu. Na farko shi ne kunne. Duk wanda ya tashi yana jin goge da kukuma da gurmi, in ka kunna masa tsohon buluz na Misisifi ba zai ji shi baƙo sosai ba: mutum ɗaya ne da abin kiɗansa, yana jan murya yana lanƙwasa ta, abin kiɗan yana ba shi amsa. Wani masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya wallafa bincike a 1999 inda ya nuna cewa da yawa daga siffofin buluz sun fi kama da kiɗan yankinmu na sabana, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Marigayi Ali Farka Toure na Mali ma abin da ya sha faɗa ke nan tun da ya fara jin John Lee Hooker, cewa asalin abin na gida ne.

Na biyu, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne su can sun saba da wani abu da mu ba mu saba da shi ba. Idan mawaƙi ya tsufa kasuwa ta manta da shi, akan samu wani ya tashi ya nemo shi, ya kai shi situdiyo, ya naɗi muryarsa ta tsufa da sababbin waƙoƙi. Mu kuwa sai mu jira ranar da za a yi sanarwar rasuwa, gidajen rediyo su yini suna sa waƙoƙinsa, manya su aika da ta'aziyya, a cika Facebook da hotonsa, bayan sadakar bakwai kowa ya koma harkarsa. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a asara ce babba, kuma gyaranta bai fi ƙarfinmu ba.

A duba yadda abin ya riƙa tafiya a can, hannu zuwa hannu. Mississippi John Hurt ya yi 'yan faya-fayai a 1928, ba su yi kasuwa ba, ya koma ƙauyensu Avalon yana noma shekara 35. A 1963 wani saurayi mai son tsohon kiɗa ya bi sunan ƙauyen da ya ji a cikin waƙa har ya same shi. Shekara uku kacal ya ƙara a duniya, amma a cikinsu aka naɗi mafi yawan abin da ake ji nasa a yau. Muddy Waters, wanda ya kai kiɗan Misisifi birnin Shikago, ya shiga shekarun 1970 kasuwarsa ta ja baya. Mawaƙi Johnny Winter, wanda a haife Muddy ya haife shi, ya ɗauke shi suka yi Hard Again a 1977, kundin ya ci Grammy. Shi Hooker ya haura saba'in lokacin da The Healer ya fito a 1989, da su Carlos Santana da ita Raitt ɗin a ciki. Kuma tun kafin a tallafe ta, Raitt ta tallafi wata: Sippie Wallace, haifaffiyar 1898, wadda ta bar waƙar buluz ta koma kiɗan coci shekaru masu yawa. Raitt ta rera waƙoƙinta a faifanta na farko, ta riƙa hawa dandamali da ita, har tsohuwar ta fitar da sabon kundi a 1982 tana da shekara tamanin da 'yan kai.

A duk labaran nan babu wanda gwamnati ta yi. Ƙaramin mawaƙi ne ko furodusa ko mai sha'awa ya ga cewa ana bin sa bashi, ya tashi ya biya.

Mu dawo gida. Alhaji Mamman Shata ɗan Musawa ne, ya yi zaman Funtuwa, ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, kuma a nan Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Shata bai taɓa buƙatar a dawo da shi ba domin bai taɓa ɓacewa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988 yana raye yana ji yana gani. Amma ko shi da ya samu wannan gata, wa zai iya ce maka ga adadin waƙoƙinsa, ga inda asalin kowace take? Shi kansa yakan ce bai san yawansu ba. Abin da ya tsira ya tsira ne saboda gidajen rediyo irin na Kaduna, da kamfanonin faifai na wancan zamani, da mutanen da suka riƙa ɗora rikoda a gaban kalangu a gidan biki. In haka ta faru da Shata, ina ga wanda sunansa bai wuce Daura da Ɓaure da Zango ba? Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa ta rasu a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Duk wanda ya tafi a cikinsu, ya tafi da waƙoƙin da bai samu inda zai ajiye ba, kuma waɗannan su ne sanannu.

Dalilin da ya sa tsohon mawaƙinmu ke ɓacewa ya bambanta da na Amurka, kuma ya kamata mu gane shi. Su kamfani ke kora. Mu ubangida ke mutuwa. Waƙar Hausa ta gargajiya a kan roƙo ta ginu: sarki ko hakimi ko attajiri ko sarkin noma ko ɗan dambe, shi ake yi wa waƙa, shi ke ba da riga da doki da kujerar Makka. Mawaƙi da iyayen gidansa tare suke tsufa. Ranar da na ƙarshensu ya kwanta dama, 'ya'yansa suna da nasu mawaƙin, mai fiyano, wanda zai haɗa musu waƙar biki a kwamfuta ya turo ta waya kafin ranar ɗaurin aure. Ba na zargin yaran nan, sana'a suke yi, kuma a cikinsu akwai masu basira ƙwarai. Amma sakamakon shi ne mai kalangu da 'yan amshinsa shida ya fi ƙarfin aljihun mai biki, DJ da lasifika biyu sun fi araha, sai a daina kiran tsoho. Ba wanda ya ce masa ya daina. Kiran ne kawai ya ɗauke.

Akwai wani dattijo mai kukuma a wani ƙauye kan hanyar Mai'aduwa da nakan leƙa in na je wajen dangin mahaifiyata. A zamaninsa, in ji manya, ba a bikin da ya amsa sunansa a wannan yanki ba tare da shi ba. Wata rana da la'asar na roƙe shi ya ɗan taɓa mana. Ya yi shiru, sannan ya aiki jikansa ɗaki. Yaron ya fito da kukumar a naɗe cikin tsohon buhun taki. Fatar ta ɗan tsage a gefe, tsagiyar ta saki. Ya zauna ya ɗaure ta a hankali, yana jan ta da haƙori saboda yatsun ba sa riƙo kamar da, ya goga ƙaro, ya gwada, ya sake ɗaurewa. Da ya ɗauki waƙa muryar ta ƙi hawa inda ta saba, sai ya sauko da ita ƙasa, ya samu wurin da ta zauna daram. Matan gidan suka bar daka suka tsaya a bakin zaure.

Waƙar ba ta kowa ba ce. A kan idonsa da ya fara hazo ya yi ta, da abokan tafiyarsa da ya binne ɗaya bayan ɗaya, da gonar da ya ba 'ya'ya suka sayar suka tafi birni. Na ce, "Baba, wannan yaushe ka yi ta? Ban taɓa jin ta ba." Ya ce, "Ina za ka ji ta, ɗana? Da dare nake yin su in barci ya ƙi zuwa. Suna da yawa. Waɗanda nake yi wa waƙa duk suna ƙasa, 'yan amshina biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗayan yana sayar da goro a kasuwa. Wa zan yi wa?" Na ce ai mu muna so. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya miƙa wa yaron kukumar ya mayar.

Na jima ina tunanin wannan magana. Mutumin nan ya kai matakin da mawaƙin Hausa ba kasafai yake kaiwa ba, matakin da babu wanda zai yaba don a ba shi, sai abin da ke cikin ransa. Irin abin da Raitt ta yi ke nan ta ci kundin shekara. Mun daɗe muna ƙorafin cewa waƙar Hausa ta yau ba ta wuce soyayya da siyasa, alhali masu waƙar tsufa da rashi da haƙuri suna zaune a zaurukan ƙauyukanmu ba mai tambayar su.

Na san abin da za a ce, kuma wasu maganganun suna da nauyi.

Za a ce da yawa daga cikin tsofaffin nan tuba suka yi, sun ajiye kiɗa don su fuskanci lahira, bai kamata a je ana tayar musu da abin da suka bari ba. Wannan gaskiya ne ga wasu, kuma wanda ya ajiye don Allah ba ni da ta cewa a kansa sai addu'ar Allah ya karɓa. Kada kowa ya je masa da kuɗi yana jarraba shi. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun kafin a haife mu, ba kuma a wannan rubutu za a raba gardamar ba. Amma mu ji tsoron Allah mu bambance wanda ya tuba da wanda aka daina kira. Akwai dattijon da yake ce maka ya bari ne saboda ya fi masa mutunci ya faɗi haka a kan ya ce shekara da shekaru ba wanda ya neme shi. Hanyar ganewa ita ce a tambaye shi cikin ladabi, a karɓi amsar da ya bayar. Shi ma wanda ya tuban, yana da tarihi a bakinsa: wa ya koya masa, wane sarki ya yi wa waƙa, me ya faru a shekarar. In ya yarda a naɗi hirarsa, wannan ma riba ce.

Za a kuma ce, jihar da mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari suka sha barin gidajensu saboda 'yan bindiga, wa ke ta kukuma? Ban raina wannan ba ko kaɗan. Duk ɗan Katsina ya san wani da abin ya taɓa. Amma a cikin waɗanda suka gudo akwai makaɗan noma da na farauta da na maƙera, kuma waƙoƙinsu ɗauke suke da sunayen garuruwa da gonaki da zuriyoyin da wasunsu yanzu kufai ne. Idan ƙauye ya tashi, tsohon da ya san kirarin kowane gida ya mutu a gidan haya a cikin Katsina, me zai rage wanda jikokin za su riƙe su ce daga nan muke? Kuma abin da nake magana a kai ba ya cin kuɗin tsaro. Makirfo huɗu masu kyau, na'urar naɗa ɗaya, da ɗakin da ba ƙarar janareta, ba su kai kuɗin motar rakiya guda ɗaya ba.

Sai masu cewa ba kasuwa. Waɗannan ina gayyatar su tashar mota. Har gobe direban da ya ɗauki hanyar Katsina zuwa Kano Shata yake sawa, ko Ɗanƙwairo, ko Haruna Uji. Yaran da aka haifa bayan rasuwar Shata suna yanko baitocinsa suna ɗorawa a TikTok. Kunne yana nan. A waje ma akwai masu saye: Ali Farka Toure ya ci Grammy da kundin da suka yi da Ry Cooder a 1994, ya koma garinsu Niyafunke yana noma har ya zama magajin garin a 2004, aka sake jawo shi ya yi wani kundi da Toumani Diabate ya sake ci kafin rasuwarsa a 2006. Ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawa ta ci a 2012. Bombino na Agadas, maƙwabcinmu, yana zaga duniya da jitarsa. Kiɗan yankin nan yana da masu nema. Namu ne ba a shirya shi yadda za a iya miƙa wa kowa ba.

Matsalar da ta fi ta kasuwa ita ce kuɗin ba ya isa ga mai waƙa. Je ka shagon masu turi a kowace kasuwa ka tsaya minti goma. Yaro na zaune gaban kwamfuta, ka ba shi memori da 'yan canji, ya cika maka shi da ɗaruruwan waƙoƙi. Wata an yanke mata kai, wata an liƙa mata sunan wani mawaƙin daban, wata an kwafo ta daga kaset ɗin da ya sha rana har kalangun ya koma kamar ana buga kwano. Kobo ba ya zuwa gidan mai waƙar ko magadansa. Haka a YouTube, wani ya buɗe tasha da waƙoƙin mamaci yana karɓar kuɗin talla. Amurka ma ta yi wannan zalunci, kuma nata ya fi muni saboda da takarda aka yi shi. Ruth Brown, wadda waƙoƙinta suka ɗaga kamfanin Atlantic a shekarun 1950, ta koma aikatau da tuƙa motar 'yan makaranta. Sai da ta yi shekaru tana fafutika da taimakon lauya kafin kamfanin ya yarda ya sake lissafin haƙƙin tsofaffin mawaƙansa, kuma daga wannan fafutika aka kafa gidauniyar Rhythm and Blues a 1988, wadda Bonnie Raitt na cikin waɗanda suka tsaya mata. Mu ma muna da doka. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda ta taɓo har abin da ake ɗorawa a intanet, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, shi ya sa mata hannu a Maris 2023. Amma dattijon da ke kan hanyar Mai'aduwa bai san da ita ba, kuma ba zai sani ba sai wani ya je ya karanta masa.

Shi ya sa nake jin tsoron a ɗauki wannan kira a yi shi ta mummunar hanya, wato a je a naɗi tsoho, a ba shi kuɗin goro da shadda ɗaya, a tafi da muryarsa har abada. In haka za a yi gara a bar shi da buhun takinsa. Duk wanda zai naɗa ya zo da yarjejeniya a rubuce da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta ta a gaban 'ya'yansa da mai unguwa. A faɗi kason da zai samu, da na 'yan amshi da makaɗa, domin su ne aka fi mantawa. A faɗi wanda zai gaji kason. A bar masa kwafin asali a hannunsa.

Sannan yadda za a naɗa. Abin da Don Was ya yi wa Raitt, da abin da Johnny Winter ya yi wa Muddy Waters, kusan ɗaya ne: sun tara makaɗa suna kiɗa tare, suka rage kwalliya, suka bar mutum ya fito yadda yake. A kundin Muddy har ihun Winter kana ji yana zuga shi daga gefe. Wannan ya fi zama dole a kiɗanmu. Kalangu a hammata ake matsa shi yana bin maganar mawaƙi, 'yan amshi kuma bakinsa suke kallo su san inda za su karɓa. In ka raba su, ka sa kowa ya shiga shi kaɗai da abin ji a kunne yana bin bugun kwamfuta, ka kashe waƙar tun kafin ta fito. Kada a yanke waƙar minti ashirin a mai da ita huɗu. Kada a bi muryar tsoho da na'urar gyaran murya a goge rawar da take yi, domin rawar nan ita ce shekarunsa. Shimfiɗa fiyano a ƙarƙashin kukuma don wai ta yi zamani kamar zuba sukari ne a miyar kuka. Yaran situdiyonmu na Katsina da Funtuwa sun iya na'ura sarai. Abin da za su koya shi ne janye hannu.

Wa zai yi? Ni na fi sa rai ga taurarin waƙar Hausa na yau, waɗanda ke da mabiya miliyoyi da situdiyo nasu na kansu. Da yawansu sun ɗauki karin waƙar tsofaffin nan sun gina suna a kai, kuma ba laifi ba ne, haka waƙa take tafiya. Amma wanda ya ci gado ya san akwai haƙƙi. In ɗaya daga cikinsu ya ɗauki dattijo guda, ya biya kuɗin naɗa, ya yi waƙa ɗaya tare da shi yana amshi a bayansa, ya sa a tasharsa da sunan dattijon a gaba, mabiyansa za su ji, kuma sauran za su yi koyi saboda harkar akwai gasa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma da kwalejojin ilimi suna da ɗaliban Hausa da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Maimakon a yi ta maimaita nazarin waƙoƙin da aka riga aka yi wa nazari, a tura su ƙananan hukumominsu su zo da sunaye da muryoyi. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha ta ajiye kwafi, gidajen rediyo su ware wa sababbin naɗin lokaci a mako, su kuma biya.

Mata sun fi kowa buƙatar a yi sauri. Masu kiɗan ƙwarya da amada, da tsofaffin da suka san waƙoƙin daka da niƙa da reno da na kai amarya, ba su taɓa samun ko rabin kulawar da maza suka samu ba, kuma injin niƙa ya riga ya kashe wurin da ake yin wasu daga waƙoƙin. Namiji baƙo ba zai shiga cikin gida ya naɗe su ba. Wannan aikin ɗalibai mata ne da ma'aikatan rediyo mata, kuma a tanadar musu kayan aiki nasu.

A Daura ma ba sai an sha wahalar nema ba. Duk shekara in watan Rabi'ul Awwal ya kama ana Sallar Gani, hakimai suna shigowa da jama'arsu, makaɗan fada da na ƙauyuka suna biyo su da ƙafarsu, tsofaffi da yara. Masarauta ta ba da ɗaki ɗaya a kusa da fada na kwana uku, a sa tabarmi da labule masu kauri saboda amsa-kuwwa, a zaunar da mai na'ura da mai rubuta yarjejeniya, a sa sankira ya sanar cewa duk makaɗin da ya haura sittin ana neman sa da jama'arsa. A fara da waɗanda suka fi tsufa, kuma bayan an ɗauki waƙoƙin sarauta da aka san su da su, a tambayi kowannensu ko yana da wata wadda bai taɓa yi a gaban mutane ba.